Yawon ganin gari da yara a Damagaram in kana tsoron abin hawan haya

Akwai wani tsoro da in ka faɗe shi a cikin mutane dariya ake maka, wato tsoron hawa abin hawan haya a cikin gari. In ka ce kana fargabar shiga kar, wato babbar motar safa, zuwa Yamai kowa zai gane, tafiyar kusan kilomita 900 ce, ana yafe wa juna ma kafin a tashi. Amma ka ce gabanka na faɗuwa saboda kabu-kabu, wato babur na haya, daga Sabon Gari zuwa Birni, tsohuwar unguwar da fada take? Sai a ce iyayi ne ko son jiki. To ni dai ina da shi kuma ya jima tare da ni. In ni kaɗai ce ina daurewa in rufe ido in hau, amma da zarar an ce da yara za a fita sai abin ya ninka, tun dare zan fara lissafin wa zai zauna ina, wa zai riƙe wa, in mai moto ya yi gaba da biyu ya bar ni da uku a baya fa, in wayata ta mutu fa, haka dai har barci ya gagara.

A bakansin nan yayata ta turo min yaranta daga Tanut su yi hutu tare da nawa, kuma tun kafin su iso an riga an yi musu alkawari wai Tanti za ta kai su su ga fadar Sarkin Damagaram da kasuwar Dole. Ba ni na yi alkawarin ba fa, uwarsu ce ta yi da bakina. Maigida moto gare shi, wato babur, kuma ko da a ce ba ya zuwa aiki moto ɗaya ba za ta kwashe wannan tawaga ba. Kullum da safe ƙaramin sai ya zo ya tsaya bakin ƙofar ɗaki da takalminsa a ƙafa ya ce Tanti yau ne? Yaro ba ya manta alkawari wallahi.

Wanda bai sani ba bari in gaya masa yadda abin yake a jiki. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, tafin hannu ya jiƙe da zufa, ciki ya murɗa kamar za ka zaga, numfashi ya tsaya iya ƙirji ba ya sauka ƙasa, kuma duk ƙarar oda da ka ji sai ka zabura. Da na yi wa uwar mijina zancen sai ta ce haba 'yar nan, ina tawakkalinki, abin da Allah ya rubuta ai ba makawa. Gaskiya ta faɗa, ban musa mata ba. Amma ai a hadisi ma an ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sannan ya dogara ga Allah. Ni abin da na lura da shi, tsoron nan kashi biyu ne a haɗe, rabinsa hankali ne yake maka magana kuma ya kamata ka saurare shi, rabin kuma jiki ne kawai yake ƙararrawa ko da babu komai. In ka cakuɗa su sai ko dai ka fasa fita gaba ɗaya, ko ka yi ta maza ka ɗora yara huɗu a moto ɗaya don kar a ce ka ji tsoro.

Rabin hankalin shi ne wanda duk macen da ke hawa moto a garin nan ta sani. Hijabi ko bakin zane in ya sauka yana iya shiga cikin taya ko sarƙa ya fizgo ka ƙasa, shi ya sa kafin a tashi nake tattare nawa gaba ɗaya in cusa ƙarƙashin cinya in danne. Salansa kuma tana gefen dama, yaro mai gajeren wando in ya sauka ta wannan gefen ƙafarsa ta taɓa ta, ƙunar nan mai kumbura ruwa sai an yi makonni ana jinya, duba ƙwaurin yaran unguwarku za ka ga masu tabon. Kaske kuwa, hular kwanon nan, shi kansa ɗan kabu-kabun ba kullum yake sawa ba balle ya ba fasinja. Ga damina, ruwa ya kwanta a hanya ya rufe rami ba ka san zurfinsa ba, ga rairayin da ruwa ke kwasowa ya zuba kan gudron wanda taya ke sulɓewa a kai, ga amalanken jaki ga awaki. Wannan duk ba wasiwasi ba ne. Don haka tun farko na yanke, ni da yara babu kabu-kabu, adaidaita za mu ɗauka shata, mu duka a ciki ɗaya inda idona ke kan kowa.

Kuma ba a bakin titi na tsaya da yara ina ɗaga hannu ba, wannan tsayuwar ita ce ke fara tada min hankali, rana na duka, yara na guje-guje, duk wanda ya tsaya sai ka ji kunyar cewa a'a. Tun ana gobe na fita ni kaɗai na je inda masu adaidaita ke fakawa kusa da mu na tsaya ina kallonsu. Akwai samari masu kiɗa har jikin keken na rawa, waɗannan na wuce su. Na ga wani dattijo-dattijo yana goge gilashinsa da tsumma, madubinsa biyu duk suna nan ba wanda aka ɗaure da roba, tayoyin ma da sauran zane a jikinsu. Na ce sannu da aiki malam, gobe ina son shata, daga gida zuwa Birni, ka jira mu, sai Zango, sai kasuwa, ka maido mu kafin azahar. Ya ce Hajiya jika biyar, wato sefa 5000. Na ce haba malam, ko Mirya za ka kai mu? Ya ce Hajiya isansi fa, wato man fetur, kin san kuɗin kwalba yanzu, ga zaman jira. Muka yi ta ja har muka tsaya jika uku da dala ɗari. Yaran yayata da suka ji ina ba da labari sai babbar ta ce ita kullum lissafin dala na rikita ta, na ce ki ninka da biyar kawai, dala ɗari sefa 500 ke nan. A gama ciniki tun kafin a hau, wannan kaɗai yana rage rabin zullumi, don faɗan kuɗi a gaban yara bayan an sauka abu ne da na tsana.

Sai na gaya masa abin da da can kunya ke hana ni faɗa. Na ce malam ni fa matsoraciya ce, ba na son gudu, ba na son a riƙa kutsawa tsakanin kamiyo da kamiyo, manyan motocin kayan nan, in mun makara ba komai ni na ce. Bai yi dariya ba, cewa ya yi to Hajiya, ai ni ma ina da iyali. Mutane da yawa suna zaune a bayan direba suna salati a zuci suna ƙanƙame ƙarfe amma ba za su iya buɗe baki su ce don Allah a hankali ba, wai kar a raina su. Kuɗinka ne fa, kuma ranka ne. In ya ƙi ji ka ce tsaya in sauka, ka ba shi na inda ya kawo ka.

Ɗaya rabin, na jikin, shi ba ya jin ciniki. Da safe da na ji ƙarar keken a ƙofar gida sai da gabana ya faɗi duk da shirin da na yi. Abin da ke taimaka min shi ne numfashi, in ja ta hanci a hankali sannan in fitar ta baki in ja shi ya fi shigarsa tsawo, fitar da numfashi a hankali yana sa bugun zuciya ya lafa, ba camfi ba ne. Sannan muka karanta addu'ar hawa da ƙarfi mu duka, subhanallazi sakhkhara lana haza wa ma kunna lahu muƙrinin, yaran makarantar allo ne sun fi ni iya ta ma. Na zauna a gefe ɗaya, babbar a ɗaya gefen, ƙanana a tsakiya don kar wani ya fito da hannu ko kai, autata a cinyata. Ban cika musu ciki da safe ba, koko da ƙosai kaɗan, don jijjiga da warin isansi na sa wasu yara amai. Kuma na ba su aiki, na ce kowa ya ƙirga jakunan da zai gani kafin Birni, wanda ya fi yawa shi zai fara zaɓar alkaki. Su nake son in shagaltar amma ni ma sai ga ni ina nuna musu ga wani can ga wani can. Yaro na karanta fuskar babba, in ka ƙame kana zare ido shi ma tsoron zai koya.

Abin daɗin shi ne Birni da ƙafa ake ganinta. Lungunan ƙanana ne, suna lanƙwasa tsakanin gidajen ƙasa da manyan duwatsun nan da garinmu ya yi suna da su, wani gidan ma jikin dutsen aka jingina shi. Mai adaidaita ya faka a inuwa muka taka. A ƙofar fada dogarai na zaune da rigunansu ja da kore, na ce wa yara kowa ya durƙusa ya gaishe su kuma kada wanda ya ɗaga waya sai an tambaya. Fadar tun zamanin Sarki Tanimun take, wanda ya yi sarauta har 1884, shi ne ya zagaye garin da ganuwa har yana da igwa da ake ƙera masa a nan cikin gari, a lokacin Damagaram ƙasa ce mai ƙarfi da ayarin fatake ke ratsawa tsakanin Kano da arewa. Ɗan yayata da ke lakwal, wato makarantar boko, ya ce malaminsu ya gaya musu wai nan ne babban birnin Nijar a da, na ce ƙwarai, sai a 1926 Faransawa suka maida shi Yamai. Na nuna musu barikin da ke bisa dutse daga nesa, na ba su labarin Kazamaju, sojan Faransan da aka kashe a nan a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, shekara na zagayowa 'yan uwansa suka zo suka ci garin. Daga nesa fa na ce, wurin soja ne ba a ɗaukar hoto. Ragowar ganuwar kuwa in ba an nuna maka ba sai ka ɗauka tsohon garu ne ya zube, abin da ciwo gaskiya.

Zango ba mu daɗe ba, rana ta fara zafi. A nan ayarin raƙuma ke sauka a da shi ya sa ake ce mata haka, kuma tsofaffin gidajen attajirai masu zane a fuskar garu da zankwaye a sama suna nan, yara sun fi damuwa da mai ƙanƙara.

Kasuwar Dole ce na fi jin tsoro bayan hanya. Da gangan na ƙi zaɓar Alhamis, ranar da kasuwa ke ci mutanen ƙauyuka su cika gari, motoci da amalanke su cushe ko'ina. Duk da haka kafin mu fito gida na rubuta lambar wayata a 'yan takardu na sa wa kowane yaro a aljihu, na ce in ka duba ba ka gan ni ba kada ka yi ta yawo kana nema, ka tsaya wurin mai shago mafi kusa ka miƙa masa takardar. Na nuna wa babbar ƙofar da muka shiga da inda mai adaidaita ya faka. Ba wanda ya ɓata, amma sanin cewa takardar na aljihunsu shi ya bar ni na tsaya na yi cinikin takalman fata a natse wurin dukawa, na sayi alkaki da kilishin da za su kai wa uwarsu tsaraba.

Mirya kam ban kai su ba, duk da kilomita 18 ce kawai kuma ranar Lahadi kasuwarta ke ci, ga lambuna. Can sai an je tasha an shiga hiyas, a zauna jiran mota ta cika ana zufa, kamasho na ta tura mutane layin mutum uku ya zama huɗu, in kana can baya ba ka da hanyar fita sai kowa ya sauka. Wannan matsin ya fi gudu tada min hankali. Na ce sai ranar da Maigida yake hutu mu je tare, in biya kujerar gaba kusa da taga ko da da ƙari ne. Ba fasawa na yi ba, don na lura duk abin da na ƙaurace masa saboda tsoro sai ya ƙara girma a raina, gara in riƙa ɗaukarsa kaɗan-kaɗan. Kuma wanda nasa ya kai har ba ya iya fita ko zuwa asibiti ko gaisuwar mutuwa, ko numfashinsa na sarƙewa har ya ji kamar zai mutu, ya je ya ga likita ya faɗi abin da yake ji ba kunya, ana maganinsa, ba sai an tsaya ana cewa iska ce ba.

Kafin azahar muna gida. Na ƙara wa mai adaidaitan dala ɗari a kan abin da muka yi don bai taɓa sa ni na ce a hankali ba, na kuma karɓi lambarsa. Maƙwabciyata da ta fi kowa yi min dariya ita ce ta fara aiko 'yarta wai Mama ta ce ki ba ta lambar mai keken nan, tana da awon ciki ranar Litinin kuma ba ta son hawa moto.