Ɓera dai ba mutum ba ne

Tun 1927 ake wani gwaji da ake kira LD50, a yi ta ɗura wa ɓeraye sinadari ana ƙara yawansa har sai rabinsu sun mutu, sai a ce to ga ƙarfin gubar nan. A 1944 kuma John Draize na hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ya fito da nasa, a ɗiga abu a idon zomo a ga ko zai kumbura. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru.

To amma fa jikin dabba daban namu daban. Paracetamol ɗin nan da muke afawa kamar gyaɗa, ka ba kyanwa ƙwaya ɗaya tana iya sheƙawa. A 2006 a Landan aka yi wa maza shida allurar wani sabon magani TGN1412, an gwada shi a birai lafiya lau, kuma ɗan mitsitsi aka ba su, amma kafin a ankara duk shidan suna kwance rai a hannun Allah.

Shi ya sa yanzu masana suka koma kan ƙwayoyin halittar mutum kai tsaye, a rene su a kan ɗan faifai wanda bai wuce girman filash ba, da 'yan hanyoyi da ruwa ke bi kamar jini, a 2010 ma a jami'ar Harvard sun haɗa ɗan huhu a haka har yana buɗewa yana tsukewa. Shirin Tox21 na Amurka kuwa da na'ura ya tace sinadarai kusan 10,000. Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a dabba tun 2013, Amurka kuma a Disamban 2022 ta daina tilasta gwajin dabba kafin a gwada magani a mutum.

Ni abin da ke min yawo a kai shi ne, ƙwayoyin wa ake ɗorawa a faifan? Don a wajenmu akwai maza da yawa masu ƙarancin G6PD a jini, wato wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, jaririn da aka haifa da wannan ƙarancin, ƙamshin kafur ɗin da iyaye ke zubawa a akwatin kayan jarirai kawai ya isa ya farfasa masa jini, sai ka ga shawara ta kama shi, ido ya yi ɗorawa. In faifan bai ɗauke da irin jininsa, wallahi lafiya lau zai ce da kafur ɗin.