Namu ne ya faɗa ko nasu?

Jiya na yi musu da wani abokina kan allurar rigakafi, mai digiri ne fa, amma ya kafe wai duk makirci ne. Na ce masa binciken likitan nan Andrew Wakefield na 1998 da yake kafa hujja da shi, wanda ya danganta wata allurar rigakafin yara da cutar galahanga (autism), mujallar likitanci ta Lancet ta janye shi a 2010, har an hana mutumin aikin likita a Birtaniya, sai ya ce ai wannan ma shi ke nuna ana rufa-rufa! To ya za ka yi, duk hujjar da ka kawo sai ta koma cikin makircin.

Ni dai a ganina ba ƙarancin ilimi ba ne, mutum yana fara duba wa ya faɗi maganar, namu ne ko nasu. A Amurka masu ra'ayin riƙau sun fi musun sauyin yanayi, don yarda da shi na nufin gwamnati ta ƙara wa kamfanoni dokoki. Kuma kar 'yan gurguzu su yi dariya, zamanin Stalin a Tarayyar Soviet an ɗaure masana ƙwayoyin gado saboda sun saɓa wa Lysenko, masanin noman da gwamnati ke mara wa baya, ɗaya daga cikinsu ma, Vavilov, a kurkuku ya mutu a 1943.