Leda cike da rasit ɗin rabanu, amma wai ni ba mai biyan haraji ba ne

Har yanzu in na tuna maganar nan raina ɓaci yake wallahi, shi ya sa na ce bari in rubuta ko wani ɗan kasuwa zai tsira. Hatsi nake sayarwa a Tudun Hatsi nan Gombe, masara, gero, wake, wani lokaci shinkafa ƴar gida, kuma tun da na kama rumfa ban taɓa ɓuya wa ƴan rabanu, masu karɓar kuɗin shiga a kasuwa, ba. Kuɗin rumfa na biya, tikitin kasuwa na biya, na lodi da sauke kaya na biya, na shara ma haka, duk rasit ɗin ina tarawa a wata baƙar leda a ƙasan teburi, wasu har sun koɗe mai ya taɓa su. Da a lokacin ka tambaye ni ko ina biyan haraji da sai in rantse maka da Allah ina biya, kuma ba ƙarya na yi ba.

To sai ga wata makarantar kwana tana neman mai kai mata wake da masara na zango guda, wani aminina ya saka sunana. Farashina ya fi na kowa sauƙi, wakena kuwa ba ƙwari, sun gani da idonsu. A cikin takardun da suka nema akwai rijistar CAC, hukumar rijistar kamfanoni, wannan ina da ita ta sunan kasuwanci, sai lambar TIN, wato lambar mai biyan haraji, sai takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku, wadda ake ce wa taks kiliyarans. Na ɗauki ledata na nufi ofishin tara kuɗin shiga na jiha da ƙwarin gwiwata.

Wani dattijo na samu, mutumin kirki ne gaskiya, ya zazzage ledar a kan teburi yana ɗaga rasit ɗin ɗaya bayan ɗaya yana karanta tambarin da ke kai. Ya ce "Alhaji wannan na ƙaramar hukuma ne, wannan ma haka, wannan kuma na ƙungiyarku ne ma ba na gwamnati ba." Na ce "To Yallaɓai ai duk haraji ne." Ya ce "A bakin mutane haraji ne, amma a littafinmu kai ba ka da fayil." Ya juyo min da fuskar kwamfuta ya buga sunana, babu komai.

A nan ya warware min abin da ba wanda ya taɓa faɗa min a kasuwa. Mu da Hausa komai haraji muke ce masa, duk wanda ya zaro kuɗi ya miƙa wa mai rasit to ya zama mai biyan haraji. A wurinsu kuwa mutane ne daban daban. Akwai mai biyan kuɗin wuri ko kuɗin aiki, wato rumfa, tikiti, shara, wannan kana biya ne saboda ka zauna a wurin ko an yi maka wani abu, ko ka ci riba ko ka faɗi ba ruwansu. Akwai wanda haraji ya hau kansa, wato duk mai samun kuɗin shiga da doka ta ce a duba shi, ko ya sani ko bai sani ba. Sannan akwai mai biyan haraji na ainihi, wanda ke da lamba da fayil, yake bayyana abin da ya samu a shekara, a yanka masa ya biya. Ni shekara da shekaru ina cikin na farko da na biyu, ban taɓa taka na uku ba, kuma na ukun ne kaɗai ake ba taks kiliyarans. Ashe akwai ma doka tun 1998 da ta raba wa kowa nasa: kuɗin shago da na kasuwa da na dabbobi na ƙaramar hukuma, harajin kuɗin shigar mutum na jiha, na kamfani da VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan saye, na tarayya, wurin hukumar haraji ta tarayya FIRS da yanzu aka mayar NRS.

Kafin a buɗe min fayil a yi lissafi a fitar da takarda lokacin da makarantar ta ɗiba ya wuce, aka ba wani. Ina tsaye a bakin rumfa motarsa ta wuce da buhuna, wasu ma a wurin maƙwabcina ya saya. Ledar nan kuwa ko buhu ɗaya ba ta sayar min ba.

Kuma abin bai tsaya nan ba. Tunda ba ni da littafin ciniki na kirki, sai dai ɗan littafin bashi da nake rubuta wanda ya ɗauki kaya, sai suka ƙiyasta min da kansu, kuma na shekara uku a haɗe. Ƙiyasi kuwa ba ya sanin shekarar da wake ya faɗi ka sayar ƙasa da yadda ka saya, ba ya sanin buhunan da ruwa ya taɓa. Sai da na fitar da waken da na ajiye ina jiran ya tashi na sayar tun bai yi kuɗi ba na biya. Da ina da rubutu da na yi musu gardama da hujja, don doka ta ba ka damar ka ce ba ka yarda da ƙiyasin ba, amma da me zan yi gardamar? Da rasit ɗin shara?

Ina ganin abin da ya rikita mu tun daga iyaye ne. Baffana har ya rasu in ya ce haraji yana nufin kuɗin kai da mai unguwa ke bi gida gida yana karɓa, in ya ce jangali na shanu ne, ka biya a ba ka ƴar takarda shikenan ka fita. Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke su da suka hau mulki a 1979, lokacin mu nan muna cikin jihar Bauchi don sai 1996 aka ba mu Gombe, amma tunanin ya zauna mana, cewa haraji abu ne da wani ke zuwa ya karɓa. Na yanzu ba mai zuwa rumfarka ya ce ka buɗe fayil, kai za ka kai kanka. Ma'aikacin gwamnati shi ya huta, ana cire nasa daga albashi tun kafin alat ya shigo, ɗan kasuwa ne ke zaune cikin duhu.

Da na samu wata ƴar kwangilar daga baya sai ga wani sabon suna kuma. Kuɗina ya shigo da giɓi, na tafi wurin akantan waɗanda suka ba ni kwangilar a fusace na ce "Malam kuɗina bai cika ba." Ya ce harajin da ake riƙewa ne tun daga tushe, su wakilai ne kawai, suna cirewa su tura wa hukumar haraji. Wato shi ba mai biya ba ne, mai riƙewa ne, ni ne mai biyan ko da yake ba hannuna ne ya miƙa ba. Wannan kuɗin ba ɓata ya yi ba, kamar kafin alƙalami ne, za a rage maka shi daga harajinka na shekara, amma fa sai in an tura shi da sunanka da lambarka kuma ka karɓi shaidar. In ba ka bi ba ya shige, ka biya sau biyu. Kuma ku lura, mai rijistar sunan kasuwanci irina a idon doka mutum ne ba kamfani ba, nasa jiha yake zuwa, mai limited ne nasa ke tafiya tarayya. In akanta ya tura naka inda ba nan ba, kai za ka yi ta zirga zirga. VAT kuwa kar wani ya ruɗe ku da shi a kan ɗanyen hatsi, ba a ɗora shi a kan irin wannan abincin, kuma ko a kayan da ake ɗorawa, kashi 7.5 ɗin nan mai saye ne ke biya, mai shago karɓa kawai yake ya miƙa.

Wani abu kuma, inda kake zaune ake dubawa ba garinku ba. Yaron da ke rumfar kusa da ni ɗan Azare ne, yana ta cewa shi ai ɗan Bauchi ne can zai je, na ce masa a Bolari kake kwana da iyalinka, fayil ɗinka na Gombe ne. Kuma sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe naira dubu 800 na farko a shekara, amma yafewar ba ta hana ka yin rijista da bayyana abin da ka samu, ko ba a yanka maka ko sisi ba takardar nan sai mai fayil.

Yanzu na sayi babban littafi, ɗana yake rubuta min shiga da fita duk yamma bayan la'asar, kuma kafin ƙarshen watan Maris nake kai bayanin shekara. Ƴan rabanu ina ci gaba da biyansu ba fashi, nasu daban. Makarantar nan ta farko kuwa har yau mutumin ne ke kai musu, sun saba da shi, na sake kai takarduna a cike suka ce sai in an samu gurbi.