Yadda Na Haɗa Commodore 64 Ɗin Kawu Da Intanet

A ɗakin ajiyar gidan kawuna na same ta, cikin kwali, an lulluɓe ta da tsohon zani. Tsohuwar kwamfuta ce mai suna Commodore 64, wadda ya taho da ita daga Ingila bayan ya gama karatu. Irinta ta fara shiga kasuwa a 1982, ƙwaƙwalwarta kilobayit 64 kacal, kuma injin lissafinta mai suna 6510 gudunsa bai wuce megahaz ɗaya ba. Da na ce masa ina son in haɗa ta da intanet, sai ya ce, "Ɗauki, amma ka bi ta a hankali."

Kafin in kunna ta na ajiye tsohuwar na'urar ba ta wuta gefe, na nemo sabuwa. Waɗannan na'urori idan sun tsufa sukan tura fiye da bolt 5, su ƙone ƙwaƙwalwar kwamfutar. Sai da na auna sabuwar da mita sannan na jona. Shuɗin allo ya fito a talabijin, da kalmar READY tana jira.

Na ɗauki makonni ina tunanin manhaja nake nema wadda za ta koya wa kwamfutar yaren intanet. Akwai irinta kuwa: Contiki, wadda Adam Dunkels na ƙasar Suwidin ya fitar a 2003, tana ɗauke da TCP/IP, wato yaren intanet ɗin, har da ƙaramar manhajar buɗe shafuka. Sai dai tana buƙatar katin sadarwa irin RR-Net, wanda ban da shi, kuma yawancin shafukan yau a kulle suke da HTTPS, lissafin da ya fi ƙarfin wannan inji. Sai daga baya na gane akwai hanya mafi sauƙi, wato a ɗora nauyin duka a kan wani, ita kwamfutar a bar ta da aikin da ta saba.

Wannan wanin shi ne ɗan modem na WiFi, wanda bai kai akwatin ashana biyu ba. A cikinsa akwai guntun ESP8266 da manhajar Zimodem ta Bo Zimmerman. Ana cusa shi a ƙofar baya da ake kira user port. Shi ke magana da intanet, amma a wajen Commodore yana nuna kansa tamkar tsohon modem na wayar tarho, yana karɓar umarnin AT da kamfanin Hayes ya ƙirƙiro tun 1981. Ita dai haruffa take aikawa, haruffa take karɓa. Ranar da wannan ya zauna mini a kai, duk wata matsala da ta taso sai in tambayi kaina: tsakanin kwamfuta da modem take, ko tsakanin modem da waje? Wannan tambayar ta rage mini wahala fiye da duk wani abu da na karanta.

A kula da ƙofar nan sosai. Kai tsaye take haɗe da guntun CIA 6526, ba shi da wata kariya, kuma samun madadinsa aiki ne. Ba na cusa modem ko in zare shi sai na kashe wuta, kuma na manna farar takarda a samansa don kada wata rana in juya shi.

A ɓangaren Commodore na ɗora CCGMS, manhajar magana da modem, daga katin SD ta na'urar SD2IEC, wadda ke maye gurbin tsohon faifai. Na rubuta AT, na danna RETURN. Maimakon OK sai wasu alamomi suka watsu a allo kamar an zubar da gero. Gabana ya faɗi, na ɗauka na ƙone wani abu. Ashe gudu ne bai daidaita ba: modem yana kan bit 1200 a daƙiƙa, manhajar kuma na sa ta a 2400. Da na mayar da ita 1200, OK ta fito tsaf.

Abin da ya fi cin lokacina kalmar sirri ce. Na kunna hotspot a wayata, modem bai ma gan shi ba, domin ESP8266 zangon gigahaz 2.4 kaɗai yake ji, wayar kuwa tana kan 5. Na gyara wannan, ya ga sunan, amma ya ƙi shiga. Na rubuta kalmar sirrin ya fi sau goma, ina duba kowane harafi. Dare biyu ina kan haka. Commodore tana amfani da tsarin haruffanta mai suna PETSCII, inda lambobin manyan baƙaƙe da ƙanana suka sha bamban da na ASCII da sauran duniya ke bi. Abin da nake gani ƙaramin harafi a allo, babba yake isa wurin modem. Na sauya kalmar sirrin zuwa lambobi zalla don in gwada, nan take ya shiga. Daga nan na koma na sa CCGMS a yanayin ASCII, na mayar da kalmar ta asali.

Sai na rubuta ATDT, wato umarnin buga kira, na bi shi da adireshin wani allon saƙonni, wato BBS, da lambar mashigarsa ta intanet. CONNECT ta bayyana. Zane mai launi ya fara sauka layi bayan layi, ina iya bin sa da ido. Allon Commodore harafi 40 ne a layi 25, dubu ɗaya ke nan, kuma a gudun 1200 harafi 120 ke shigowa a daƙiƙa, don haka allo ɗaya kan ci wajen daƙiƙa takwas. Ban ji gajiyar jira ba ko kaɗan. Kowane saƙo da na karanta a wurin, wani mutum ne ya zauna ya rubuta shi, babu talla, babu hoton da ke tsalle.

Zumuɗi ya sa na tafi kai tsaye zuwa 9600, ta dabarar UP9600 ta Daniel Dallmann. Haruffa suka riƙa ɓacewa a tsakiyar kalma, saboda ban kunna tsarin RTS da CTS ba, wanda kwamfuta ke ce wa modem dakata da shi idan ta cika. Na kuma canza abu uku a lokaci guda, har na rasa wanne ya ɓata. Na koma 1200, na hau 2400 da ATB2400, na adana saitin da AT&W, ina rubuta kowane canji a littafi. Wannan adanawar ta yi mini rana, domin sau biyu aka ɗauke wuta a makon, modem ya tashi da saitinsa daram.

A 2400 na tsaya a yanzu. Sauke faifai guda mai kilobayit 170 ta hanyar tura fayil mai suna XMODEM yana cin fiye da minti goma sha biyu, kuma na yarda da hakan.

Ranar Juma'a bayan la'asar na kai ta gidan kawu, na jona a talabijin ɗin falo. Ya sa tabarau, ya matso da kujera, ya ɗora yatsunsa a kan madannan masu ruwan ƙasa. Na ce, "Kawu, ku rubuta gaisuwa, za su gani." Ya rubuta layi biyu da yatsa ɗaya, ya ce in dawo da ita mako mai zuwa mu duba ko an amsa.