Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da Ƙungiyarmu Ta Kusa Watsewa

A makon jiya na tsaya ne a inda shugaban makaranta ya ba ni izinin kafa ƙungiyar ɗalibai masu yaƙi da shan taba, lokacin ina sabon malamin kimiyya. Mun buɗe rajista ranar 31 ga watan Mayu, wato ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta keɓe domin faɗakarwa kan illar taba, kuma kafin a tashi sunaye sun cika shafi uku. Na koma gida raina fes.

Kafin zangon ya ƙare, waɗanda ke zuwa taro ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba, kuma laifin nawa ne. Na mayar da taron wani darasi na daban, ina tsaye gaban allo ina jero musu cewa hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki masu haddasa ciwon daji. Gaskiya ce, amma yaro ɗan shekara 15 ba ya jin tsoron cutar da za ta same shi yana da 50.

Wata ɗaliba ce ta farkar da ni bayan an watse. Cikin ladabi ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, mu fa zama kawai muke yi, ba mu da aikin komai." Maganar ta sosa mini rai, amma washegari na raba ayyuka. Wasu suka ɗauki wasan kwaikwayo, wasu allon sanarwa, manya kuma kowa aka ba shi ƙannen aji biyu da zai riƙa jawowa. Na ba wani rukuni sashe na 16 na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita amfani da taba, wadda ta fara aiki a 2005, inda aka yi magana kan hana sayar wa yara da kuma sayar da ita kara-kara. Muhawarar da suka yi a kai ta fi duk laccocina armashi, domin sun fi ni sanin yadda kara ɗaya ke shiga hannun yaro.

Abin da ya fi mini wuya shi ne soke dokar da ni na rubuta, wadda ta hana mai shan taba shiga ƙungiyar. Wasu malamai sun ce zan ɓata sauran yaran. Na yi musu bayani cewa nikotin, wato sinadarin da ke sa mutum ya kamu da taba, yana isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma wanda ya kamu ba ya bari don an kore shi. Yara uku suka shigo da sharaɗin ba zan kai sunansu ofis ba, ɗaya daga cikinsu kuma shi ya riƙe mana littafin rajista har ya gama makaranta.

A mako mai zuwa zan kawo yadda muka kwashe da mahaifinsa ranar da ya ji labari.