Godiya ga Dangi da Mutanen Birni

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an yi sutunans, wato kare bincikena a gaban malamai, lafiya, na dawo Damagaram da doktora. Taron da kuka yi mini ranar Asabar a ƙofar gidanmu ya fi ƙarfin bakina, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Inna, ke ce farko. Shekara huɗu ba ki san abin da nake aunawa ba, amma ba ki taɓa ajiye waya ba sai kin tambaya ko "duwatsun" suna lafiya. Allah Ya saka miki da Aljanna. Yaya, kuɗin da ka aiko lokacin da burs ta makara su suka riƙe ni wata uku.

Kawu, a wurin walima kun ce in faɗa muku da Hausa abin da ya tsare ni a ƙasar Turawa, hayaniya ta hana ni. Ga shi. Tun 2009 masana ke gwada wani ƙanƙararren sinadari, ferobiskit, wajen mayar da hasken rana kuran. Mafi ingancinsa da dalma ake yin sa, mu kuwa ba mu manta da yaran Zamfara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ba. Sai na zaɓi na kuza, irin wadda ake haƙowa a El Meki cikin Ayar. Nawa shi ne CsSnI3: siziyom, kuza da aidin.

Cikinsa kamar tuluna ne a jere, kafaɗa da kafaɗa, kowanne ya ɗan karkace. In zafi ya kai wajen digiri 78 sai su fara miƙewa, a wajen 153 su tsaya cak. Ido ba ya ganin wannan. Leza muke haska masa, muna ƙara zafi kaɗan-kaɗan, mu karanta hasken da ya dawo ta dabarar da Raman, masanin Indiya, ya gano a 1928. Idan tulunan suka miƙe, wasu layukan hasken da na'ura ke zanawa su dusashe, wasu su haɗe. Ranar da na fara ganin haka a kwamfuta, rufin kwanon gidanmu na tuna. Panon sola a ranar Afirilu yana wuce digiri 60 cikin sauƙi. Wanda zai kawo mana wannan fasaha dole ya san yadda take canjawa a zafinmu, don tazarar da ke tsakanin 60 da 78 ba ta da yawa.

Kuza dai ba ta son iska ko kaɗan. Da ta shaƙi iska ko danshi, sinadarin da yake baƙi ya koma rawaya, aiki ya lalace. A shekara ta biyu akwatin da muke ajiya cikin iskar naitirojin ya yi yoyo da dare. Na wayi gari aikin wata bakwai ya zama rawaya. A ƙasa na zauna cikin labo ina kuka. Mai kula da na'urorin, dattijon da ba addininmu ɗaya ba, ya kwana biyu yana neman inda ya huje, sannan ya tsaya tare da ni muka sake haɗawa tun daga farko. Ba zai iya karanta wannan ba, amma ina roƙon ku sa shi a addu'a. Malamata mai duba aikin kuma ba ta ɗaga mini murya ba ko sau ɗaya.

Na gode wa malamin kimiyyarmu na lise, wanda ya zo da sandarsa duk da ciwon ƙafa. Na gode wa gwaggonnina da suka kwana a bakin murhu, da liman da ya yi mana addu'a, da 'yan fadarmu da suka kafa rumfa tun asuba. Waɗanda suka taso daga Mirya da Magarya, Allah Ya ba da ladan zumunci.

Akwai tabarmi biyar da babbar tukunya ɗaya da ba mu gane masu su ba. Suna zauren Baba, a aiko yaro ya ɗauka.