Inda muka kwana da ƙazuwar kwikwiyona

'Yan'uwa masu koyon kiwon kare, ga labarin kwikwiyon da na karɓo daga Bukuru don gadin gida. Susa ta ragu sosai, yanzu yana barci har asuba, amma bakin kunnuwansa har yau babu gashi, kuma magani bai ƙare ba.

Ƙazuwar kare da aka fi gani iri biyu ce, kuma sanin wadda ta kama naka shi ne rabin aikin. Akwai ta ƙwaron Demodex, mai zama a gindin gashi, wanda kwikwiyo ke samu daga uwarsa a kwanakin farko na shan nono. Gashi ne ke zubewa a kewayen ido da baki da ƙafafun gaba, ƙaiƙayinta kaɗan ne, ba ta kuma kama wani. Ɗayar ta Sarcoptes ce, wanda ke haƙa rami a fata ya saka ƙwai. Ita ce mai hana barci, tana tsallakawa zuwa wasu karnuka, har mutane. Ita ta kama nawa.

Na tsaya kusa na ga yadda likitar dabbobi ta gane ta. Ta kama bakin kunnen, inda ɓawo ya taru fari-fari, ta murza tsakanin yatsu biyu, nan take ƙafarsa ta baya ta fara harbin iska. Daga nan ta ɗiga mai a reza ta kankare fatar gwiwar hannunsa har jini ya ɗan tsattsafo, ta duba a madubin gwaji. Ta faɗa mini sau da yawa ba a ganin wannan ƙwaron ko da yana nan, don haka alamun jiki ma hujja ne. Mu mutanen Jos ba mu da uzurin yin magani da ka, ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a kusa da mu tun 1924, ga likitoci a cikin gari.

Sai da aka ɗora shi a sikeli kafin a ba shi ƙwayar NexGard, don ba a bai wa kwikwiyon da bai kai mako 8 da kilo 2 ba. Ina roƙonku, kada wanda ya ɗauko allurar ivermectin ta shanu ya tsira wa kwikwiyo da kintace. In ta yi yawa tana sa makyarkyata da makanta, tana kisa. Ruwan wanka na amitraz kuwa ba na wanda bai kai wata 4 ba ne. Maƙwabta sun yi ta ba ni shawarar baƙin mai, da kyakkyawar niyya, amma na ƙi. Yana ƙona fatar da dama ta yi rauni, kare kuma zai lashe ya haɗiye guba.

Wanka ya fi ba ni aiki, saboda sanyin Jos a hunturu ba ya ɗaga wa kwikwiyo marar gashi ƙafa. Sai rana ta take nake haɗa ruwan ɗumi, in jiƙa ɓawon da sabulun da likita ta rubuta har ya yi laushi ya fita da kansa, ban ɓamɓara. In tsane shi da tawul, in zauna da shi a rana har ya daina rawar ɗari. Bargonsa ina wanke shi da tafasasshen ruwa in shanya, don ƙwaron ya fi daɗewa a shimfiɗa idan akwai sanyi. Yara sun ji haushi da na hana su rungumarsa, amma autana ta riga ta fito da ƙuraje a damtse. Ƙurajen sun warke da kansu bayan an fara yi masa magani, domin ƙwaron kare ba ya hayayyafa a jikin mutum.

Inda mutane da yawa ke saki shi ne nan, da susa ta lafa sai a ce ya warke. Daga ƙwai zuwa babban ƙwaro kusan mako 3 ne, saboda haka zai sha ƙwaya ta biyu idan wata ya zagayo, in sha Allah, sannan mu koma a sake duba shi, a tsayar da ranar rigakafin haukan kare. Mai babban kare a gida ya tafi da shi ma a ba shi magani tare, ko da bai fara susa ba.